Kujerar Hagu a Jirgin Lawal

Ƙanena Muhammadu Lawal yana da jirgin sama a shagon ƙofar gidansa a Kazaure, jirgin da bai taɓa ɗagawa daga ƙasa ko da kaurin ɗan yatsa ba. Katako ne da ƙarfe da wayoyi, da talabijin uku da aka jera a gaba a madadin taga, da kwamfuta a ɓoye bayan labule. In mutum ya zauna ciki ya kama sandar tuƙi, sai filin jirgi ya fito a talabijin ɗin, inji ya yi ƙara, ƙasa ta riƙa yin nisa. Wasa ne. Na faɗa masa haka tun ranar da na fara ganinsa, har yau kuma ban janye ba. Amma a kan wasan nan mutumin ya kwanta kusan shekara ya ƙi tashi, kuma abin da ya kwantar da shi bai wuce kujera ba.

A Roni aka haife mu, a gindin dutse. Babanmu magatakardan hakimi ne, kuma dokar fada ya kwaso ya shigo da ita gida. A zaurensa ba a zama inda aka ga dama. Shi yana kan buzu, ƙannensa na biye da shi, sannan 'ya'ya maza, kowa a gurbinsa gwargwadon haihuwa. Yaron da ya kuskure ya zauna sama da yayansa ba a ce masa komai, kallo ɗaya Baba zai yi masa ya ja gindi ya koma. Ni na riga Lawal zuwa duniya, ni na goya shi har bayana ya yi kanta, amma shi aka kira Lawal, wato na fari, domin mace ba ta shiga lissafin zaure.

Shekarar da Baba ya tafi Makka aka kai mu Kano rakiya. Kowa na kuka yana neman gafara, shi kuwa Lawal ya manne da shingen waya yana kallon jirgi, sai da aka ɓamɓare shi. Da ya gama sakandare ya ce makarantar tuƙin jirgi ta Zariya yake so. Baba ya ce, “Direba direba ne, ko a ƙasa ko a sama. Ɗana na fari ba zai yi jigilar mutane ba.” Lawal bai yi musu ba, don a gidanmu ba a yi. Ya shiga aikin safiyo a ƙaramar hukuma, ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna filaye tsakanin Roni da Gwiwa da Babura da Kazaure. An san shi da abu ɗaya: in ya kafa turken iyaka, ko ubanka waye ba zai gusar da shi ba. Masu son a ɗan matsa musu sun tsane shi, amma su ɗin ne dai ke nemansa ranar da maƙwabci ya ci musu iyaka.

Da ya yi ritaya, 'yarsa Bahijja, wadda ke aikin kwamfuta a sakatariya, ta sa masa wasan tuƙin jirgi don ya rage zaman banza. Ta yi ne da kyakkyawar niyya. Ba ta san ta tona ramin da aka binne tun kafin a auri uwarta ba.

Wata biyu bai yi ba ya ce linzamin kwamfuta ƙarya ne, a jirgin gaske ba haka ake tuƙi ba. Ya samo hotunan ɗakin matuƙi na wani babban jirgi, ya fito da tsohon tef ɗinsa na awo, ya kira Sama'ilu mai gyaran rediyo. Sama'ilu ba yaro ba ne, furfura ta cika masa gemu, amma ubansa baran Babanmu ne, saboda haka har yau sai ya tuɓe takalmi yake gaida Lawal. Su biyun suka shiga shagon nan, aka daina ganinsu. Wasu kayan aka yo odarsu ta hannun wani ɗan kasuwa a Kano, wasu Sama'ilu ya yanka da hannunsa. Kujeru biyu aka ciro daga wata matacciyar mota. Aka kafa sola a kan rufi, ba don Rahamatu matarsa ta sha ruwan sanyi ba, sai don kada wuta ta ɗauke jirgi yana sama.

Sama'ilu mutum ne mai hankali, kuma tun farko ya yi ta faɗa. Akwai allon maɓallai da ake kafawa a saman kai, sai mutum ya ɗaga hannu ya gantsare wuya kafin ya taɓa. Sama'ilu ya ce, “Ranka ya daɗe, mu sauko da shi nan gabanka mana. Kai fa ba yaro ba ne.”

“A jirgin gaske a ina yake?”

“A sama.”

“To a sama zai zauna.”

“Rubutun nan fa? Ko ni da na manna shi ba na gani. In ƙara masa girma, wa zai sani?”

“Ni na sani.”

Haka aka yi ta yi. Ƙofar shiga ya sa aka matse ta, sai an sunkuya an karkace. Ya hana a sa fanka, wai jirgi ba shi da fanka. A Kazaure fa, da bazara, lokacin da duwatsun nan ke amayo zafin da suka sha. Yakan fito jiƙe sharkaf kamar wanda ya faɗa rijiya, yana murmushi. Kafin ya tashi jirgin kuwa sai ya bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, abin da za a ɗora tuwo a sauke bai gama ba, alhali Bahijja ta nuna masa maɓalli guda da zai kunna komai a take. Ya ce wannan na ragwaye ne. Tafiyarsa ma da lokacin salla yake auna ta, don ya ce jirgin gaske ba a tsayar da shi a sama a je alwala. Tsakanin azahar da la'asar ya je Abuja ko Sakkwato, in tafiyar mai tsawo ce ya tashi tun hantsi.

Kujerun nan biyu ya kamata a gane su, don a kansu maganar take. Ta hagu ta kyaftin ce, babban matuƙi. Ta dama ta mataimaki ce. Kowace tana da sandar tuƙinta a gefen bango: kyaftin ya riƙe tasa da hannun hagu, mataimaki ya riƙe tasa da hannun dama. Totur kuwa, wanda ake turawa a ba inji mai, yana tsakiyarsu. Lawal shi kaɗai yake tuƙi, amma sai da ya sa aka haɗa wa sandar dama waya, saboda a jirgin gaske tana aiki.

Tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa zuwa kallo. Su suka laƙaba masa Kyaftin. Su leƙa, su riƙe baki, su ce, “Kai! Kamar gaske!” Wannan kalmar ita ce abincinsa. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa shiga gaban jirgi balle ya san gasken, amma suka yi ta zuga shi, shi kuma yana ƙara matse kansa a cikin akwati. Ni sau ɗaya na leƙa. Na ce masa, “Lawal, kabari ma ya fi wannan fili.” Bai ƙara gayyatata ba.

Da farkon damina, ya dawo daga duba gona da hantsi, ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Na je asibiti a Kano na zauna da su, na rako shi gida, sannan na koma Gwiwa, inda nake zaune tun rasuwar maigidana, da awakina da gwiwoyina masu ciwo. Likitar gashin ƙashi ta faɗa a gabana, ba a bayan idona ba: hannun da wuya ya dawo, amma ƙafar za ta taka in ya riƙa motsa ta. Ta ce a nemo abin da yake so, wanda zai sa ya riƙa tashi daga gado da kansa. Kowa a ɗakin ya san abin da yake so. Na tafi hankalina kwance.

Daga nan duk sanda na buga waya, amsa ɗaya ce. “Ya mai jiki?” “Da sauƙi, Yaya.” Damina ta wuce, da sauƙi. Aka yi kaka, da sauƙi. Rani ya shigo ya fita, da sauƙi. In na ce a ba ni shi, a ce yana barci. Wannan kalma ta da sauƙi ta binne mutane a ƙasar nan fiye da zazzaɓi. Mutum na ruɓewa a ɗaki, iyalinsa na tsaye a ƙofa suna raba wa jama'a da sauƙi kamar goron suna.

Sai da bazara ta kama, ranar kasuwar Gwiwa, Bahijja ta zo da kanta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, “Gwaggo, Baba fa ba ya tashi. Ko zaune ba ya yarda a zaunar da shi.” Sannan ta ba ni labarin da aka ɓoye mini.

Ashe bayan dawowarsa gida ba da jimawa ba sun ɗauke shi sun kai shi jirgin, sun zaunar da shi a kujerarsa ta hagu. Sandar na gefen hannun da ya mutu. Ya miƙo na dama ya gicciye ƙirjinsa ya kama ta, jirgin ya karkace a talabijin ya kifa. Ya ce a fitar da shi. Da aka kwantar da shi ya juya wa ƙofa baya.

Bahijja ta kawo dabara. Ta ce a cire sandar a dawo da ita damansa, a sauko da maɓallan sama inda hannu ɗaya zai kai. Aikin yini guda ne, Sama'ilu har ya zo da akwatin kayan aikinsa. Lawal ya ce, “Duk wanda ya taɓa mini ko ƙusa ɗaya a jirgin nan, ban yafe ba.” Kowa ya san nauyin wannan magana daga bakin uba mara lafiya. Sama'ilu ya rufe akwatinsa ya koma.

Ta kawo ta biyu. Ya koma kujerar dama, inda sandar ke gefen hannunsa mai lafiya, ba sai an taɓa komai ba. Sai dai a can totur zai faɗo gefen hannun da ya mutu, dole wani ya zauna a hagu ya riƙa tura masa. A nan aka tsaya. Wa zai zauna a kujerar kyaftin, Lawal yana ƙasa da shi? Bahijja ta iya jirgin kusan kamar shi, amma ya ce shi ba zai zauna a ƙarƙashin 'yar da ya haifa ba. Ita ma, don in faɗi gaskiya, ta ce ƙafarta ba za ta iya hawa ba. Rahamatu ko a tabarma ba ta taɓa zama sama da shi ba. Sama'ilu da aka ambace shi cewa ya yi, “Ni? A'uzubillahi. Ubana ya tashi daga kabari ya mare ni?” Abokan nan masu kamar gaske kuwa duk ƙannensa ne a shekaru da muƙami, kuma tun da jirgi ya daina tashi suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa.

Na ce, “Yanzu a kan wannan kuka bar shi ya kwanta tun damina?”

Ban jira amsarta ba na ƙara:

“Ke da iliminki? Uwarki na ce mini da sauƙi?”

“Shi ya hana a gaya miki, Gwaggo. Ya ce za ki yi faɗa.”

“Ai kuwa ya san ni.”

Na bar wa maƙwabciyata awaki, muka shiga mota. A Kazaure muka hau a-daidaita-sahu zuwa gidan. Rahamatu ta tare ni a tsakar gida za ta fara gaisuwa, na ce, “In kika ce mini da sauƙi sai na ɓata miki rai.” Ta kauce.

Ɗakin na warin man zafi da jikin da ba ya motsi. Mutumin da na sani ƙaƙƙarfa, wanda ya hau duwatsun Roni da ƙarfen awo a kafaɗa, ya koma kamar karan dawa. Ƙafar hagun ta naɗe, gwiwa ta kusa ƙirji. Bayansa ya fara saɓulewa.

“Yaya, sannu da zuwa,” in ji shi, bakinsa a ɗan karkace.

“Riƙe sannunka. Mutuwa kake jira?”

“Abin da Allah ya ƙaddara...”

“Allah ya ƙaddara maka ciwo. Kwanciyar nan kai ka ƙaddara wa kanka. An ce a matsar maka da sanda ka ƙi.”

“In an matsar ya zama ƙarya.”

“Da can gaskiya ne? Kujerar mota ce fa, Lawal. Na san motar. Ta kai ni biki Babura.”

“Ba za ki gane ba, Yaya.”

“Abin da na gane shi ne jirgin gaske yana tashi, naka kuwa yana ajiye ƙura, kai kana ruɓewa.”

Ya rufe ido. Wannan ita ce dabarar Baba in ya gama magana. Na tsaya ina kallonsa, na ga in na ƙara minti a ɗakin zan faɗi abin da ba ya komawa. Na fito na ce wa Bahijja ta buɗe mini shagon, ta kuma aika a kira Sama'ilu.

Shiga ta ƙofar nan da gwiwoyina sai da na ambaci sunan Allah. Na bugi goshi. Na ja jiki na faɗa kujerar hagu, na gyara zanena, na ce Bahijja ta kunna. Fitilu suka kama, ƙanana kamar idon ɓera. Na ɗaga hannu na fara danna duk abin da na samu. Ba a jima ba wani abu ya ɗauki kuka, ƙara mai tsini kamar motar asibiti, ta cika gidan.

Daga can ɗaki muka ji murya, irin wadda ba a ji ba tun damina. “Wa ke taɓa mini jirgi?”

Na ƙara dannawa.

“Rahamatu! Wane ne a shagon nan? Ku kai ni!”

Sama'ilu da Rahamatu suka ɗauko shi a kujerar roba, suka ajiye a bakin ƙofar jirgin. Ya leƙo ya gan ni. Na ɗauka wani ciwon zai sake kama shi.

“Yaya, wannan kujerata ce.”

“A zauren Baba wa ke zama a sama, babba ko ƙarami?”

“Babba.”

“Ni da kai wa ya goya wani?”

“Ai mace ba ta shiga zaure.”

“To nan zaure ne? Kai ka ce jirgi ne. Bahijja, a jirgin gaske akwai mata kyaftin ko babu?”

“Akwai, Gwaggo,” in ji ta, tana kallon ƙasa.

“Ka ji. In zaure ne, na girme ka. In jirgi ne, mace na zama. Zaɓi wanda kake so, ka shigo ka kashe mini wannan kukan, kaina zai tsage.”

Sama'ilu ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Can Lawal ya ce, “Ku shigar da ni, za ta ƙona mini inji.”

Shigar da shi ta ƙofar da ya matse da kansa, da ƙafar da ta ƙi miƙewa, ba abin kallo ba ne. Ƙaurinsa ya goge da katako har jini ya fito. Ya yi ƙara. Ban ce masa sannu ba. Da aka zaunar da shi a dama, hannunsa ya tafi kan sandar da kansa, kamar jariri ya sami nono. Ya ce, “Yaya, a sama, layi na biyu, na uku daga hagu. Mayar da shi.”

“Ba na gani.”

“An rubuta a jiki.”

“Wannan rubutu ne ko ƙafar kiyashi?”

Bahijja ta miƙo hannu daga baya ta gyara abin da na ɓata, kukan ya tsaya. Lawal ya fara yi mini bayani: wannan totur, wannan na tayoyi, wannan na fukafuki. Duka baƙaƙe, duka kama ɗaya a idona. Na ce Rahamatu ta kawo mini zaren ɗinkin hularta. Na ɗaura ja a totur, kore a na tayoyi, rawaya a na fukafuki.

“Me kike yi? Na ce duk wanda ya taɓa...”

“Ka ce ba ka yafe ba, na ji. Allah-ya-isan ƙane ba ya kama wadda ta wanke masa kashi. Ka ce ja, ka ce kore, in san abin da nake ja.”

“A jirgin gaske babu zare!”

“A jirgin gaske babu ni.”

Tashinmu na farko ba mu tashi ba. Ya ce in tura ja a hankali, na tura gaba ɗaya, jirgin ya bar titi ya shiga ciyawa. Ya yi mini tsawa, ni, a gaban matarsa. Na biyu muka ɗaga. Na ga Kano ta koma ƙasa a talabijin. Ya ce, “Kore, Yaya, kore! Sama za ki ɗaga!” Shi da bakinsa ya ce kore. Ban nuna na ji ba. Da muka zo sauka jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle kamar akuya, ya ce laifina ne, na ce hannunsa ne ke rawa. Gumi ya jiƙa mu duka. Da aka fito da shi ya tambayi abin da aka dafa.

Na zauna a Kazaure har damina ta sake zagayowa. Kullum da hantsi sai jirgi, kuma na kafa sharaɗi: ba a ɗaukarsa. In yana so ya tuƙa, ya tako daga ɗaki zuwa shago da sanda, ko da zai kai azahar a hanya. Da farko zagi yake yi a kowane taku. Abin takawa na ƙafa da ke cikin jirgin ya fi ƙarfinsa, Bahijja ta sa kwamfuta ta riƙe masa a ɓoye. Ya sani sarai, bai taɓa tambaya ba. Fanka ma na sa an shigo da ita, na ce ni kyaftin ce, kuma ba zan mutu a tanda ba. Da abokan nan suka ji jirgi ya dawo suka dawo su ma. Ɗayansu ya ga zare ya ce, “A'a, Kyaftin, wannan fa?” Na ce masa, “Alhaji, tun damina ina ka shiga?”

Amma ni ba yarinya ba ce, kuma ina da gida. Wata rana na ce masa, “Lawal, na girme ka, bisa al'ada ni zan riga ka. Ranar da na tafi, sai ka koma gado?”

Ya ce, “Allah ya ja da ranki.”

“Ba addu'a na tambaye ka ba. A matsar da sandar nan.”

“A'a.”

“To in hakimi bai sami zuwa taro ba, ya turo wakili, a ina wakilin ke zama?”

Ya gane inda na dosa, ya ɓata fuska. Amma ɗan magatakarda ne, ba zai yi ƙarya a kan dokar fada ba. Ya ce, “A gurbin hakimi.”

“Ko da yaro ne?”

“Ko da yaro ne.”

Na kira Bahijja, na cire mayafina na shimfiɗa a kujerar hagu, na ce, “Daga yau ke ce wakiliyata. Hau.” Ta tsaya tana murza yatsu sai da na daka mata tsawa. Ta hau a ɗarare kamar mai zama kan ƙaya. Lawal ya kalli talabijin ɗin gabansa, bai kalle ta ba, ya ce, “Wakiliyar Yaya, a tura ja.” Ita da ta san sunan kowane maɓalli da Turanci.

Likitar gashin ƙashi ta sake duba shi kafin in koma Gwiwa. Ta ce gwiwar ta riga ta ƙage, ba za ta ƙara miƙewa sosai ba. Da tun farko ya tashi, in ji ta, da yanzu yana zuwa masallaci ba sanda. Yau yana jan ƙafar ne, daga ɗaki zuwa shago, daga shago zuwa ɗaki, iyakar tafiyarsa ke nan. Ƙafa guda ya bayar don kada sandar tuƙi ta gusa daga hagu zuwa dama. Mutane kan ce mini in gode wa Allah ya tashi. Na gode. Amma ban huce ba, ba kuma na jin zan huce, da shi, da masu kamar gaske, da masu da sauƙi.

Sandar tana nan inda take. Allon sama yana sama. Ƙofar ma bai bari an faɗaɗa ba, kullum sai ta goge masa ƙauri. Mayafina yana kan kujerar hagu, ya hana a ɗauke ko don wanki.

Ranar Juma'ar da ta wuce na buga waya. Rahamatu ta ɗauka, na ce, “Ya mai jiki?”

Ta fara, “Da sau...” sai ta kama bakinta. Ta ce, “Jiya jirginsu ya faɗi a Sakkwato. Tun safe yake yi wa Bahijja faɗa, wai ta ja rawaya kafin ya ce.”

Na ce, “To. Ki ce masa kyaftin ta ce a sa wa ƙaurin nan magani, kada ya zama gyambo.”